Zuwa ga Ɗana a Jos: Amsar Tambayarka Kan Katin Zama na Amurka ta Hanyar Dangi

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, kuma da gangan na jinkirta amsa, domin tambayar ba irin wadda ake sallama da muryar minti biyu a WhatsApp ba ce. Abu uku ka tambaya: ko ni baffanka, da na daɗe da zama ɗan ƙasa a nan Amurka, zan iya nema maka katin zama na dindindin, wanda ake kira girin kad, idan ba zai yiwu ba, ko yayarka da ta yi rantsuwar zama 'yar ƙasa bara za ta iya, sai kuma maganar mutumin nan mai ofis a wajen Taminus da ya ce zai gajarta maka hanya in ka kawo kuɗi. Na zaɓi in amsa a fili ne saboda ba kai kaɗai ba ne, samari da yawa daga Unguwar Rogo zuwa Rikkos sun sha aiko mini da irin wannan tambaya, kuma ina ganin yadda ake cin kuɗinsu saboda ba a faɗa musu gaskiya da wuri ba.

Bari in fara da abin da ya fi mini ciwo. Ni ba zan iya nema maka ba. A wurinmu ɗan wa ɗa ne, shi ya sa tun kana goye nake kiranka ɗana, kuma babu wanda ya taɓa neman in kawo shaida. Dokar shige da fice ta Amurka kuwa ta ƙayyade dangin da ta sani, kuma ba su da yawa. Ɗan ƙasa yana iya nema wa matarsa ko mijinta, da 'ya'yansa, sannan idan ya kai shekara 21 yana iya nema wa iyayensa da 'yan'uwansa da suka haɗa uwa ko uba. Mai girin kad wanda bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, iyakarsa abokin aure da 'ya'yan da ba su yi aure ba. Babu gurbin baffa, babu na kawu, babu na gwaggo ko inna, babu na kaka da jika. Duk wanda ya ce maka akwai wani fom na ɗan ɗan'uwa, ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko kuma aljihunka yake kallo.

Yayarka kuwa za ta iya, sai dai ina so ka san irin layin da za ka shiga kafin ka fara yi wa abokanka bankwana. Dangin nan kashi biyu ne. Abokin auren ɗan ƙasa, da iyayensa, da 'ya'yansa marasa aure da ba su kai 21 ba, ba a ƙayyade yawan bizarsu a shekara ba, da zarar an gama duba takardu sai a kira su. Sauran duka suna raba biza 226,000 ne a shekara, kuma daga ciki 65,000 ne rabon 'yan'uwan ɗan ƙasa, rukunin da ake kira F4, ga duniya baki ɗaya. Ranar da hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, ta karɓi fom ɗin I-130 da yayarka za ta cika ita ce ranar shigarka layi, kuma kowane wata Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana fitar da jadawalin da ke nuna waɗanda layi ya zo kansu. A shekarar 2025, 'yan'uwan da aka kira daga ƙasashe irin Najeriya su ne waɗanda aka shigar da takardunsu a 2007 zuwa farkon 2008. Ka yi lissafin da kanka. Shekararka ashirin da shida yanzu, don haka idan layin ya ci gaba da tafiya a haka, za ka haura arba'in kafin a kira ka. Babu lauyan da ke tsallakar da mutum a wannan layi, kuma babu kuɗin da ke sa shi sauri.

Na san abin da wasu za su raɗa maka, domin ni ma na yi tunaninsa. Za su ce yayarka ta nema wa mahaifinku, tunda iyaye ba sa jiran layi, shi kuma in ya samu kati sai ya nema maka a rukunin F2B, na 'ya'yan da suka wuce 21 ba su yi aure ba, wanda a 2025 ake kiran waɗanda suka shiga a 2016. A kan takarda wannan hanya ta fi gajarta, amma dubi abin da take nema. Dole Yaya, wato mahaifinka, ya tattara ya dawo Amurka da zama na gaske, domin girin kad ba takardar ziyara ba ce, wanda ya karɓa ya koma gida ya zauna yana iya rasa shi, kuma mai ɗaukar nauyin wani dole ya zama mazaunin ƙasar. Ga shi yana da mata biyu, dokar nan kuma aure ɗaya ta sani, har ma ta hana shiga ga wanda zai zo ya ci gaba da zama da mace fiye da ɗaya, saboda haka sai an yi masa tambayoyin da dattijo irinsa ba zai ji daɗinsu ba. Kai kuma dole ka zauna ba aure duk tsawon shekarun jiran, domin ranar da aka ɗaura maka aure, matuƙar mahaifinka bai zama ɗan ƙasa ba, takardar ta mutu ke nan. Ban ga hikimar a tumɓuke dattijo daga gidansa da masallacinsa da abokan hirarsa, a kuma hana saurayi aure shekara tara, saboda kati ba. Wannan ra'ayina ne, kuma na faɗa wa Yaya haka da bakina.

Layin 'yan'uwa, duk da tsawonsa, yana da wani alheri da mutane ba sa lura da shi: aure ba ya ɓata shi. Idan ka yi aure baɗi, matarka za ta biyo ka a kan takarda ɗaya, haka ma 'ya'yanku marasa aure da ba su kai 21 ba lokacin da layi ya zo. Akwai ma dokar 2002 da ke rage wa yaro lissafin shekaru gwargwadon lokacin da takardar ta yi a hannun hukuma kafin a amince da ita. Don haka maganar yarinyar nan da mahaifiyarka ta gaya mini, kada ka ɗage ta saboda Amurka.

Shawarata ita ce yayarka ta shigar da fom ɗin, tunda kowane watan jinkiri wata ne da aka ƙara a ƙarshen jiran. Tun daga Afrilun 2024 kuɗinsa dala 675 ne a takarda, 625 ta intanet, kuma ita za ta biya kai tsaye ga hukuma, ba ta hannun kowa a Jos ba. Amma ka sani cewa wannan yana da nasa nauyi. A fom ɗin neman bizar ziyara ko ta karatu akwai tambayar ko an taɓa shigar maka da takardar ƙaura, kuma daga ranar dole amsarka ta zama e. Bizar karatu tana buƙatar ka gamsar da jami'i cewa za ka koma gida, kuma takardar ƙaura da ke jiranka tana ƙara wahalar gamsar da shi. Idan burinka na kusa digiri na biyu ne, ku zauna da yayarka ku auna wannan kafin ta aika.

Yanzu ga inda nake so ka ba da ƙarfinka, wato takardu. Ku da yayarka uba kuka haɗa, uwa kowa da tasa, kuma a irin wannan hali ana neman takardar haihuwar kowannenku mai ɗauke da sunan uba ɗaya, tare da shaidar auren uban da kowace uwa. Auren iyayenku a ƙofar gida aka ɗaura, da waliyyi da shaidu da goro, babu wanda ya yi tunanin takarda, saboda haka sai an nemi shaidar da kotu ko hukumar addini za ta bayar, kuma in jami'i bai gamsu ba yakan ba da shawarar gwajin jini na DNA, wanda ake yi ta ɗakin gwajin da suka amince da shi kaɗai, a kuma ɗauki samfurinka a ƙarƙashin kulawar ofishin jakadanci. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake so. Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne saɓanin suna da ranar haihuwa: Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar WAEC, sunan kaka a matsayin sunan uba a katin ɗan ƙasa, shekara biyu da aka rage lokacin shiga makaranta ko neman aiki. Lokacin da na nema wa gwaggonka, matata, ranar haihuwarta a takardar makaranta ta saɓa da ta fasfo, domin wani ne ya cika mata fom tana yarinya ya rubuta abin da ya ga dama, kuma wannan kuskure ɗaya ya raba mu na tsawon watanni, ina nan ni kaɗai ita tana can da jinjiri. Ka baje takardunka duka a kan tabarma, ka duba harafi bayan harafi, ka gyara abin da ya saɓa ta hanyar doka tun yanzu da masu shaida suke raye.

Idan layi ya kusa, fayil ɗin zai koma cibiyar biza da ake kira NVC. A nan za ka cika fom ɗin DS-260 ta intanet, a biya dala 325 a kan kowane mutum, yayarka kuma ta cika I-864, takardar rantsuwar ɗaukar nauyi, wadda ke buƙatar kuɗin shigarta ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati, gwargwadon yawan mutanen gidanta har da ku. Wannan rantsuwa ba wasa ba ce, tana kanta har sai ka zama ɗan ƙasa ko ka yi aikin da ya kai kimanin shekara goma, don haka ka san girman abin da za ta ɗauka dominka. Za a nemi takardar shaidar 'yan sanda ga duk wanda ya kai shekara 16, da gwajin lafiya a wurin likitocin da suka zaɓa. Ganawar kuma a ƙaramin ofishin jakadanci na Legas ake yin ta, ba a Abuja ba, ko da yake Abuja ce kusa da ku. Ku riƙe adireshin imel ɗaya da ba zai mutu ba, domin idan aka sanar da ku biza ta samu kuka yi shekara ba ku motsa ba, suna iya soke takardar bayan duk wannan jira.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfinmu duka. A farkon 2020 an dakatar da ba 'yan Najeriya bizar ƙaura, aka ɗage a Janairun 2021 da gwamnati ta canza. A Disambar 2025 an sake sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita, daga 1 ga Janairun 2026, kuma umarnin ya shafi bizar ƙaura da ta ziyara da ta karatu. Irin wannan umarni na shugaban ƙasa ne, yana zuwa yana tafiya, shi ya sa kafin ku kashe ko kwabo ku duba shafin ofishin jakadancin da kanku ku ga inda aka kwana. Cacar biza kuma, wadda har yanzu wasu ke karɓar kuɗin mutane a kanta, an cire Najeriya daga cikinta tun zagayen 2015.

Wannan ya kawo ni ga mutumin Taminus. Gajeriyar hanyar da irinsu ke sayarwa ba ta wuce biyu: auren kwangila da wata 'yar ƙasa, ko bizar ziyara da takardun bogi don ka shigo ka ɓace. Wanda aka samu da auren bogi, ba za a sake amincewa da wata takardar ƙaura dominsa ba har abada, ko da daga baya ya yi auren gaskiya, kuma ta yayarka ma ta tashi a banza. Ƙarya a gaban jami'in biza kan abin da ya shafi hukuncinsa ita ma haramcin dindindin take jawowa. Wanda ya wuce wa'adinsa da fiye da kwana 180 ya fita, shekara uku ba zai dawo ba, in ya kai shekara guda kuma, goma ce. Na san mutanenmu a nan da suka shigo ta wannan hanya, iyayensu sun rasu ba su je jana'iza ba, domin in sun fita ba su da hanyar dawowa wurin 'ya'yansu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan komai a rubuce yake, amsar da ka bayar yau za a ɗauko ta a gabanka bayan shekara ashirin. Kada ka ba shi fasfonka, kada ka ba shi kuɗi, kuma in ka riga ka ba shi wata takarda ka je ka karɓo.

Kada ka bar aikin koyarwarka, kada kuma ka sayar da filin da mahaifinka ya ba ka, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka ci gaba da karatu in ka samu dama, domin ilimin da ka tara a Jos shi ne zai yi maka amfani ko ka zo ko ba ka zo ba. A wannan makon ka je ofishin Hukumar Ƙidaya ka tabbatar da takardar haihuwarka, ka tambayi Yaya sunayen waɗanda suka halarci ɗaurin aurensa biyu da ke raye, sannan ka ɗauki hoton fasfonka da takardun makarantarka ka turo mini, ni da yayarka za mu zauna mu duba su ranar Asabar. Ka gaishe mini da Yaya da iyayenka mata, da fatan sanyin bana ya zo musu da sauƙi.