Adakar Baba da Jerin Littattafan da Ka Nema

Mai sunan Baba,

Saƙonka ya iso tun ranar Laraba. Ƙanwarka ce ta karanta mini daga waya, ita ce kuma take rubuta maka wannan ina faɗa, don idona ya daina ɗaukar ƙananan baƙaƙe. Ka ce in aiko maka da sunayen littattafai goma, na siyasa da tarihi da halayyar jama'a da kasuwanci, kowanne da lambarsa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, domin haka Hajiya take lissafa wa yara cefane in za ta aike su kasuwar Kejetia ta nan Kumasi: albasa, tattasai, busasshen kifi. Amma da aka zo kan tambayarka ta ƙasa, wai wace al'ada ce ta hana a taɓa adakar Baba, kuma ko za ka iya ɗauke ta zuwa Accra ka ɗauki hoton takardun, sai dariyar ta maƙale mini a wuya.

Wa ya ce maka ba a taɓa ta? Ni nake buɗe ta duk shekara in damina ta ɗauke, in shanya gafakokin a tabarma saboda gara da sanyin ƙasa. Fita da ita daga gidan nan ne ba a yi.

Mu dai ba mu tashi muka ga ana zaɓar littafi ba. Yaro in ya sauke Alƙur'ani, malam ne zai miƙa masa Ahalari, daga nan Ishmawi, Iziyya, Risala, kana biyawa yana fassarawa, layi uku ko huɗu a rana. In ka yi azarɓaɓin buɗe gaba, ka sha ranƙwashi. Baba yakan ce, mai karatu ba malami kamar baƙo ne da ya shiga kasuwar goro ba dillali, zai saya kam, amma ba zai san sankara ta ci rabin ƙwaryar ba sai ya isa gida. Babin ciniki na cikin Risala a zaurensa na karanta shi, a unguwar Alabar, huhunan goro jibge a bayana, ƙamshin ɗanyen ganye ya cika ko'ina. In an zo wurin da ake maganar sayar da abu mai aibi, sai ya tsayar da malamin ya ce a dubi wane, jiya haka ya yi wa mutanen Sakkwato. Kunya ba ta hana shi faɗa ko mutumin na zaune.

To bari in gaya maka abin da ke cikin adakar.

A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Ghana ta Firaminista Busia ta ba da sanarwa a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Ina da shekara goma sha biyar. Kai da aka haifa da katin ɗan ƙasa a aljihu ba za ka gane yadda Zango ta koma ba. Mutumin da aka haife shi a unguwar Aboabo ta nan Kumasi, bai taɓa ganin ƙofar Kano ba, ya wayi gari ana ce masa koma garinku. Yarabawa masu kantuna suka fi shan wuya, sai namu, sai Zabarmawa da Mosawa. Tasha ta cika da mata da yara da ƙullin kaya, ana kwana a ƙasa ana jiran mota. Keken ɗinki da gadon ƙarfe da tukwane sai ka ga ana ba da su a kuɗin da ba zai sayi ƙafa ɗaya ta gadon ba. Kuma wa ke saye? Maƙwabcin da kuke sahu ɗaya a masallaci. Da idona na ga wani dattijo yana taya keken abokinsa yana ta rage kuɗin, bakinsa kuwa bai bar cewa "Allah ya kai ku lafiya" ba.

Akwai wani malami Bakatsine da ya fi shekara ashirin yana sauka wurin Baba, har ya yi aure ya kama ɗaki a bayanmu. Da safe yana fataucin goro, da yamma yana ba da karatu. Saura kwana biyu wa'adi ya cika, bayan lisha, sai ga shi da gafaka uku a kafaɗa da wani littafi mai baƙin bango a hammata. Direba ya ce masa ko yara ko kaya, mota ba za ta ɗauki duka ba. Ya ajiye gafakokin gaban Baba bai ce komai ba, Baba ma bai ce ba. Sannan ya ce a kira yaron nan mai ido, wato ni.

Littafin bashi ne, da ajami, sunan mutum da adadin ƙwaryar goro da kuɗi, wasu tun ana lissafi da fam da sule kafin sidi ta zo a 1965. Aka matso mini da fitila. Ina karanta suna, yana yanke hukunci. Wannan, a yafe, matarsa ba ta da lafiya. Wannan, a karɓa a ba gwauruwar da ke sayar da koko a bakin masallaci, tana bina. Wannan, a bi shi a hankali, yana da shi amma sai an yi kamar za a tona. Muka zo kan wani ɗan dako, mutumin da rigarsa ɗaya ce tak, duk Zango an san shi da ita. Malam ya ce, wannan kada a tambaye shi, zai kawo da ƙafarsa. Daga shi sai wani Alhaji mai tuƙeƙen rawani da ake shimfiɗa wa buzu a sahun farko. Malam ya yi shiru, ya ce, ja layi a kai, ba za a gani ba.

Ni kuwa sai na fashe da dariya, a zatona ya juya sunayen ne. Baba ya ɗauke ni da mari, fitilar ta kusa faɗuwa. Malam ya ce a ƙyale shi, bai daɗe a duniya ba. Muka kai har asuba ta kusa, suna sun fi sittin. Da muka gama ya dafa gafakokin ya ce wa Baba, waɗannan ajiya ce, in ƙura ta lafa zan dawo ko in aiko. Baba ya raka shi tasha, ya dawo bai ci abinci ba ranar.

Shekara uku Baba yana bin bashin nan, yana ba direbobin goro su kai Katsina. Ɗan dakon nan, wata biyar bayan tafiyar, ya shigo zaure da kuɗin a ƙulle cikin tsumma, duk tsabobi, ba wanda ya aika masa. Alhajin kuwa har ya koma ga Allah, in ya hango Baba sai ya sake hanya. Kana neman littafin halayyar jama'a, ni ga inda na fara nawa. Malam bai dawo ba, bai kuma aiko a ɗauki littattafan ba. Daga baya wasiƙa ta daina zuwa. Da Baba zai rasu ya ce mini, rabin adakar nan ba namu ba ne, kuma ajiya ba ta tsufa. In jikan Malam ya zo ya yi sallama a ƙofar nan, a nan zai same ta.

Ban ce karatun boko ba shi da amfani ba, kar ka je ka ce wa mahaifiyarka Kawu ya hana ka. Ni ma na karanta abin da ya samu. Littafin da Nkrumah ya fitar a 1965 kan sabon salon mulkin mallaka, nemi shi ka karanta, za ka gane yadda farashin koko da ake yankewa a waje yake juya ƙasa mai tutarta. Amma in ka gama, zo ka tambayi tsofaffin Zango me ya sa gwamnatinsa ta kori Alhaji Amadu Baba, ɗaya daga cikin shugabannin Zango, daga Kumasi a 1957, shekarar da aka sami 'yanci, don ya bi 'yan adawa. Mai mulki in ya rubuta littafi, kamar mai goro ne da ya jera manya a saman faifai. Akwai kuma Muƙaddimar Ibnu Khaldun, an fassara ta da Turanci, shekara ɗari shida da ɗoriya ke nan da rubuta ta. A ciki ya yi bayanin yadda dangantaka da haɗin kai ke kafa mulki, jin daɗi ya rushe shi, da yadda sarki in ya shiga kasuwa yana gasa da talakawansa, kasuwar take mutuwa. A 1979 da sojoji suka rushe kasuwar Makola ta Accra saboda farashi, malaminmu wannan babin ya buɗe mana.

Turawa ma sun rubuta mu. Paul Lovejoy ya yi littafi a 1980 kan ayarin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wata Ba'amurkiya Enid Schildkrout ta yi nata a 1978 kan Zangon Kumasin nan, ko da yake Mosawa ta fi bi. Ba laifi. Amma abin da ke ba ni haushi, yaranmu sun san sunan marubutan Amurka masu koyar da yadda ake kuɗancewa cikin shekara ɗaya, ba su taɓa jin Alhaji Umaru na Karaci ba. Mutumin Kano ne, ya zauna Salga har yaƙin 1892 ya watsa garin, ya koma Kete Krachi, can ya rasu a 1934. Ya yi waƙa da Hausa kan talauci da wadata, ya yi kan zuwan Nasara. Kwafin rubuce-rubucensa na nan a cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, inda kake wucewa kullum da jakarka. Akwai waƙarsa ɗaya a adakar ma, da hannun Malam, amma in na miƙa maka yau ba za ka iya karanta layi biyu ba, tunda kun bar ajami ya mutu a hannunku. Laifinmu ne wani ɓangaren, mu muka ga allo da boko sun yi wa yaro yawa muka ce a rage. To hoton abin da ba ka iya karantawa, me za ka yi da shi? Ka saka a Facebook a yi ta danna maka yatsa?

Ƙanwarka ta ce wai har yanzu huɗu ko biyar kawai na ambata, goma ka ce. Ta ce kuma hannunta ya gaji. Sauran sai ka zo. In an ba ku hutun Babbar Sallah ka taho da niyyar mako biyu, ba kwana biyun da ka saba ba, mu shimfiɗa tabarma a zaure bayan la'asar, in koya maka baƙaƙen, mu fara da littafin bashin, don rubutunsa ya fi manya. Maganar hoto kuwa, in a ɗakin nan za ka ɗauka, ban ce e ba, ban ce a'a ba; gafaka biyu na Baba ne, su ina da ta cewa a kansu, ukun sai na yi shawara da liman.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya ƙare. In za ka taho ka biya Nima wurin mai tabarau, ka sayo mini mai ƙarfi fiye da na bara, wancan ɗan ƙanwarka ya zauna a kai.

Kawunka.