An sa ranar aurensa, shi kuwa wata biyu kacal da fara aiki a Saudiyya

Assalamu alaikum Barista. Ƙanena ma'aikacin lantarki ne, ya samu aiki da wani kamfanin gine-gine a Dammam, yau watansa biyu da tafiya. Tun kafin ya tafi an riga an sa ranar aurensa, yanzu saura wata uku. Ejan da ya yi mashi hanya ya ce muna hutu ba matsala ba ne, duk sa'ad da ya nema za a ba shi har da tikiti. To ya yi wa shugabansa magana, an ce babu hutu sai ya cika shekara, kuma wai yana cikin gwaji na wata shida. Iyayen yarinya sun ce ba su ɗaga rana. Inna kuma ta ce ya taho ko da izini ko babu. Shin kamfani na da ikon hana shi? In ya taho haka nan, mi za ya faru?

Mai karatu daga Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa alheri, ya kai mu ranar lafiya. Kafin komai, don Allah ka zauna da Inna ka lallashe ta. Kada yaron nan ya baro aiki ba da rubutaccen izini ba. Na ga gidajen da aka sayar da gona ko shanu aka biya ejan, yaro ya dawo cikin wata huɗu ba aiki, bashi kuma na nan.

Dokar da ke kan ƙanenka ta Saudiyya ce, domin can yake aiki. Tamu ta Najeriya, wadda ma kwana 6 na aiki kawai ta tanada bayan wata 12, ba ta bin mutum ta ƙetare teku. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta 2005, wadda aka yi wa gyaran da ya fara aiki a watan Fabrairun 2025, ta ce a sashe na 109 ma'aikaci na da hutun shekara da bai gaza kwana 21 ba da cikakken albashi, ya koma kwana 30 idan ya yi shekara biyar a jere wurin mai aiki ɗaya, wato kamfani ko mutumin da ya ɗauke shi aiki. Wannan haƙƙi ne, kuma duk sharaɗin kwantiragi da ya rage shi ɓatacce ne. Sai dai sashen nan dai shi ne ya ba mai aiki ikon tsara lokacin da kowa zai tafi gwargwadon buƙatar aiki, in dai ya sanar da ma'aikaci kwana 30 kafin lokacin. Kwanakin na ƙanenka ne, amma zaɓen rana yana hannun kamfani. Don haka da suka ce sai ya cika shekara, ba ni ganin ƙofar da za a kai su ƙara a kan wannan kaɗai.

Kwanakin kuwa suna taruwa tun ranar da ya fara aiki. Raba 21 gida 12, ka ga duk wata yana tara kwana ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Ranar ɗaurin aure zai kasance ya yi wata biyar, wato ya tara kusan kwana tara. Ba zai iya tilasta musu su ba shi yanzu ba, amma abin riƙewa ne a wurin roƙo, kuma ko rabuwa aka yi, sashe na 111 ya ce a biya shi kuɗin kwanakin da bai ci ba.

Abin da shugaban nasa bai faɗa masa ba shi ne hutun aure daban yake da hutun shekara. Sashe na 113 ya ba ma'aikaci kwana 5 da cikakken albashi idan ya yi aure, kuma bai ce sai wanda ya cika shekara ba. Haka kwana 5 idan mata ko iyaye ko ɗa suka rasu, kwana 3 idan an yi masa haihuwa. Kamfani na da damar neman takardar shaida, saboda haka ku tabbata an karɓi takardar aure, a fassara ta da Larabci. Amma mu yi lissafi na gaskiya. Daga Dammam zuwa Sakkwato sai an canza jirgi, a sauka Kano ko Abuja, sannan a kamo hanya. Zuwa da komawa sun cinye aƙalla kwana biyu, wani lokaci uku. Kwana 5 su kaɗai ba su isa biki irin namu ba. Abin da zai cike giɓin shi ne hutu ba albashi, wanda sashe na 116 ya halatta idan mai aiki ya yarda. Ya kiyaye kada ya wuce kwana 20, domin daga nan ana ɗaukar kwantiragin a matsayin wanda aka dakatar, sai in sun yi yarjejeniya a kan akasin haka.

Yanzu ga inda hankalina ya fi tashi, wato maganar gwaji. Sashe na 53 ya yarda a sa ma'aikaci cikin gwaji muddin an rubuta shi ƙarara a kwantiragi, kuma bai wuce kwana 180 ba. Cikin wannan lokaci kamfani na iya sallamarsa ba tare da diyya ba, ba kuma kuɗin sallama na ƙarshen aiki. Ranar da kuka sa ta faɗo wata guda kafin gwajin ya ƙare. Ma'ana, ko a kan kwana biyar ɗin da doka ta ba shi, idan ya shiga da ƙarfi yana cewa haƙƙina ne, suna iya ba shi, ya dawo su ce ba su gamsu da aikinsa ba. Tabbatar da cewa saboda aure aka kore shi abu ne mai wuya ƙwarai. Mai hannu a bakin kura ba ya ja da ƙarfi. Ya kuma lura, hutun Sallah ƙarama da babba da kwanakin jinya ba a ƙirga su cikin gwaji, don haka ranar ƙarewarsa na iya matsawa gaba da 'yan kwanaki fiye da yadda yake zato.

In kuwa ya bi maganar Inna ya taho, farko dai fitar ma ba a hannunsa take kai tsaye ba. Baƙon ma'aikaci ba ya barin Saudiyya da niyyar komawa sai da bizar fita da dawowa, wadda mutanenmu na can ke kira huruju wa auda, ita kuma sai iƙamarsa, wato katin izinin zama a ƙasar, ta fito kuma tana da sauran kwana. Tun watan Maris na 2021 ma'aikaci na iya neman bizar da kansa ta manhajar gwamnatin Saudiyya mai suna Absher, amma ana sanar da mai aiki, kuma samun biza ba shi ne samun hutu ba. Sashe na 80 ya ba kamfani damar korar wanda ya yi fashin aiki fiye da kwana 15 a jere, ko fiye da kwana 30 a warwatse cikin shekara, ba da uzuri karɓaɓɓe ba, bayan an yi masa gargaɗi a rubuce. Irin wannan kora babu ko riyal ɗaya na sallama a cikinta.

Maganar ejan kuma, ku ajiye ta gefe. Abin da ke aiki shi ne kwantiragin da aka yi wa rajista a manhajar Qiwa ta ma'aikatar ƙwadago ta Saudiyya, kuma idan fassarar Turanci ta saɓa da Larabci, Larabcin ake bi. Tikitin zuwa hutu ba dokar ƙwadago ce ta wajabta shi ba. Wanda ta ɗora wa mai aiki a sashe na 40 shi ne na komawa gida bayan aiki ya ƙare, tare da kuɗin iƙama da na bizar fita da dawowa. In an rubuta tikitin shekara a kwantiragi, to ya zama dole. In babu, ku fara tanadin kuɗin jirgi.

Da ƙanena ne, ga abin da zan sa shi ya yi a makon nan. Ya rubuta takarda zuwa ofishin kula da ma'aikata na kamfanin, ba shugaban wurin aiki kaɗai ba, cikin ladabi, ya ambaci ranar aure, ya nemi kwana 5 na sashe na 113, ya roƙi a haɗa masa da kwanakin da ya tara ko kuma kwana bakwai ba albashi, ya faɗi ranar da zai dawo da wanda zai riƙe masa aiki. Wata uku isasshen lokaci ne da za su shirya. In sun amince, amincewar ta zama a rubuce, da ranakun tafiya da dawowa, kuma bizar ta fi hutun tsawo da 'yan kwanaki saboda jinkirin jirgi. Ya duba fasfonsa yana hannunsa, domin doka ta hana mai aiki riƙe shi.

In sun ƙi, akwai hanyar ƙorafi a ma'aikatar ƙwadago ta Saudiyya, inda ake fara zaman sulhu kafin a tura magana kotun ƙwadago. Amma ba zan shawarci mai wata biyu a bakin aiki ya buɗe wannan ƙofa saboda biki ba. Mafita tana nan gida, kai ma ka san ta. A wurinmu ba ango ke karɓar aure da bakinsa ba, wakilinsa ke karɓa daga waliyyin amarya a gaban shaidu. A ɗaura aure ranar da aka sa, kai ko baffanku ya tsaya masa, iyayen yarinya ba su ji kunyar ɗaga rana ba. Walima da tarewa a bar su sai ya fita gwaji, wata guda ko biyu a gaba, lokacin da zai nemi hutu ƙafarsa a ƙasa. Ya sanar da kamfani wannan tsari a cikin takardar tasa, domin kada daga baya a ce masa kwanakin auren sun wuce.

Duk wannan bayani na ma'aikacin kamfani ne. Masu 'yan uwa da ke aikin gida ko tuƙin gida a can kada su ɗauka, domin waɗannan ƙa'idarsu daban ce, ta manhajar Musaned ake bin lamarinsu.

Ka sa ya sauko da kwantiraginsa daga Qiwa ya turo maka, ka kawo mini shi ofis. Shafi biyu nake son dubawa: inda aka rubuta tsawon gwaji, da inda aka yi maganar hutu da tikiti. A gaida Inna.