Amsa: Zaman masu lalura iri ɗaya, zai taimaki ƙanina?

'Yar uwa, kin ce bayan an sallami ƙaninki daga asibitin ƙwaƙwalwa, likita ya ba shi shawarar ya riƙa zama da waɗanda suka taɓa fama da irin ciwonsa, ke kuma kina tsoron kada su ƙara rikita juna. Tsoronki na kan hanya, amma ni dai a ganina ki bar shi ya je.

Abin da ya fi cin mai wannan lalura in ya dawo gida shi ne kaɗaici. Kowa na lallaɓa shi, wasu na raɗa wai aljanu ne ko sammu. Amma wanda ya taɓa shan maganin, ya san kasala da yawan barcin da yake sawa a makonnin farko, in ya ce masa "daure, ni ma na bi ta nan", sai maganar ta shige shi. Tun 1935 mashaya giya a Amurka suka fara taimakon juna ta wannan hanya. A Zimbabuwe ma shirin Friendship Bench na Dakta Dixon Chibanda yana haɗa waɗanda suka samu sauƙi su riƙa zama tare.

Ki dai sa ido kada wani a cikinsu ya ce masa ya ajiye magani, wannan hurumin likita ne. In kuwa ya fara zancen kashe kansa, ko ya daina barci gaba ɗaya, kada ku jira ranar zama. Ku kai shi asibiti nan take: Dawanau in kuna Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato.