Tambaya da Amsa: Me zan saka tsakanin kwamfutata da majigin leza?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, yayana kuma yana harkar fitilu da kayan sauti na wajen biki, kwanaki ya sayo majigin leza na hannu mai kala uku, toh iyakar abin da yake yi shine ya kunna ya bar shi yana ta watsa furanni da taurarin da suka zo a cikinsa. Ni so nake na rubuta manhajata da kaina wadda za ta rubuta sunan ango da amarya a bango kuma rubutun ya dinga motsi da kiɗa. Na jona shi ta DMX, wato wayar da ake ba wa fitilun biki umarni da ita, amma canza zane kawai nake iya yi. Dan Allah me zan saya, kuma kuɗin hannuna ba yawa. Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, tambayar nan ta min daɗi sosai. Kafin ka fitar da ko sisi, juya majigin ka duba bayansa. Kana neman wata kafa mai faɗi mai fil 25, irin ta tsohuwar firinta, yawanci an rubuta ILDA a kusa da ita. In akwai ta toh ka tsira, in babu kuma gaskiya zanen cikinsa kawai za ka ci gaba da zaɓa, duk akwatin da ka saya ba inda za ka soka shi.

DMX ɗin da ka gwada ba laifinka bane, ba aikinsa bane kawai. Layuka 512 gare shi kuma wajen sau 44 yake sabunta su a daƙiƙa ɗaya, ya isa ka ce wa fitila koma ja, ko ɗauko zane na bakwai, amma bai isa zana harafi ba. Saboda leza ba kamar majigin kallon ƙwallo bane da ke jefa hoto gaba ɗaya. Ɗigon haske guda ɗaya ne tak, sai wasu ƙananan madubai guda biyu da ba su wuce farcen ɗan yatsa ba, ɗaya na kai shi hagu da dama ɗaya sama da ƙasa, suna gudu da shi da saurin da ido zai ga kamar layi ne a tsaye. In ka kasa kunne kusa da akwatin za ka ji suna wani siririn kuka, kukan ma yana canzawa in zane ya canza. Waɗannan madubai su ake kira galbo, kuma ba sa jin lambobi, ƙarfin wuta suke ji. Ƙa'idar ILDA, wato ƙungiyar masu wasan leza ta duniya da aka kafa a 1986, ta ware wayoyi bibbiyu ga kowane madubi, sannan kowace kala ana ba ta daga 0 zuwa bolt 5. Kenan abin da kake nema shine DAC, ɗan akwatin da zai karɓi jerin ɗigogi daga manhajarka ya mayar da su wutar da madubai ke ganewa, sau dubbai a daƙiƙa ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Toh anan ne mutane ke asarar kuɗi. Za ka ji kowa na yabon Pangolin, kamfanin Amurka mai akwatunan DAC na FB3 da FB4, kuma kayansu masu kyau ne, manyan masu shirya wasa da su suke aiki. Amma an yi su ne don su yi tafiya da manhajojin kamfanin, QuickShow da BEYOND. Da yayanka ne ya tambaye ni, shi da yake son ya danna maɓalli zane ya fito, da na ce ya duba su. Kai da kake son rubuta naka, abin da za ka fara tambaya akan kowane akwati shine, an buɗe yadda ake magana da shi ko an rufe?

Guda biyu nake ba da shawara. Na farko Helios, ɗan ƙarami ne da ake sokawa a USB, komai nasa a buɗe yake, kod ɗinsa na C++ yana GitHub kuma ana iya kiransa daga Python. Kowane ɗigo za ka ba shi wurinsa daga 0 zuwa 4095 a kwance da a tsaye, kala kuma daga 0 zuwa 255, ka tara su ka ce masa ga saurin da nake so, ka tambaye shi ko ya shirya, ka tura. A yamma ɗaya za ka iya ganin da'irarka ta farko a bango, kuma yana cikin masu sauƙin kuɗi. Matsalarsa wayar USB ce, da ta wuce mita 5 sai ta fara ba da ciwon kai, kaga a zauren biki majigi na can sama a rataye kai kuma kana can baya wajen mai kiɗa, dole sai dai ka ja doguwar wayar ILDA daga teburinka har can.

Na biyu Ether Dream, shi ta wayar netwok yake aiki, wadda ke kai mita 100 lafiya lau, sai ka ɗaure shi a jikin majigin ka ja waya ɗaya siririya. Yadda ake magana da shi a rubuce yake a fili, yana sanar da kansa a netwok, kai kuma ka haɗu da shi ta TCP a kafa ta 7765 ka dinga zuba masa ɗigogi. Ya fi Helios tsada kuma ya fi shi neman kulawa, domin rumbun ajiyarsa in ka bari ya ƙare zane zai yanke, in ka cika shi da yawa kuma motsin zai dinga zuwa a makare bayan kiɗa. Ni a ganina ka fara da Helios a ɗaki, amma ka ware ɓangaren da ke tura ɗigogi daban a cikin kod ɗinka, ranar da aiki ya kai ku babban zaure sai ka canza wannan ɓangaren kaɗai. In kuma ba ka son fara komai daga tushe akwai wani kod da aka riga aka rubuta mai suna ofxLaser na openFrameworks, yana aiki da dukkansu biyun.

Za ka ga masu cewa a gyara katin sauti na USB ya zama DAC, a cire kafasitocin bakin fita a ƙara masa amfilifaya. Yana yi, da can da yawa da haka suka fara, amma in ba ka saba da kayan gyaran lantarki ba kar ka gwada a majigin da yayanka ke cin abinci da shi.

Wani abu da akwati ba zai gyara maka ba shine madubai. Duba takardar majigin, za ka ga an rubuta 20K ko 30K, wato ɗigo dubu 20 ko dubu 30 a daƙiƙa, kuma a ɗan ƙaramin faɗi na digiri 8 ake auna wannan. Yi lissafi, dubu 30 in kana son zane ya maimaitu sau 30 a daƙiƙa don kar ya dinga ƙyaftawa, ɗigo 1,000 kacal gare ka, a ciki har da waɗanda za ka kashe haske madubi ya tsallaka daga harafi zuwa harafi. Ranar da na fara zana murabba'i da ɗigo huɗu kawai, abin da ya fito a bango ya fi kama da ƙwai, ga wata jelar haske tana bin sa, sai da na dinga maimaita ɗigo a kowace kusurwa don madubi ya samu ya tsaya, na kuma jinkirta kunna kala kaɗan, sannan ya miƙe. Sunan ango da amarya ka yi shi da haruffa masu layi ɗaya, kar ka matsa wa galbo da tsalle mai nisa, suna zafi kuma suna lalacewa. Ka duba kuma ko kalolinsa na kunnawa da kashewa ne kawai, wato TTL, in haka ne kala bakwai za ka samu komai kyan akwatinka.

Sai maganar ido, kuma dan Allah ka ɗauke ta da gaske. Duk lezar da ta wuce miliwat 500 tana aji na 4, mafi haɗari, kuma yawancin na wajen biki sun wuce haka. Manhajar da kake kan rubutawa za ta maƙale wata rana, in ta maƙale madubai na iya tsayawa duk ƙarfin hasken ya taru a ɗigo ɗaya, wannan kafin mutum ya ƙyafta ya ƙona masa ido, har kyamarar masu ɗaukar hoto yana kashewa. Ka sa a kod ɗinka duk abin da ya faru kala ta koma sifili, ka yi gwaji da mafi ƙarancin haske a bangon da ba madubi ba gilashi, ka saka maɓallin kashewa na hannu a layin tsaro na fil 4 da 17 na kafar ILDA maimakon haɗe su da waya yadda wasu ke yi. A zaure haske ya wuce saman kan mutane da tazara sosai, ka tuna yara na hawa kujera. Kuma ku da kuke Zariya ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a kusa, in bikin a fili ne kar a kuskura a ɗaga shi sama.

Ka turo min hoton bayan majigin da abin da aka rubuta a takardar jikinsa, sai mu ga ko Helios ɗin zai shiga kai tsaye.