Kamfanin binne shara yana neman ƙarin shekara goma: akwai abin da maƙwabta za su iya yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila, kuma gidanmu bai kai mil guda ba daga wani tsohon ramin fasa duwatsu da aka mayar wurin binne shara. Da muka tare, an ce mana izinin wurin ya kusa ƙarewa, za a daina zuba shara, a rufe da ƙasa, a dasa ciyawa da itatuwa. Yanzu ga takarda an liƙa a ƙofar wurin, wai kamfanin yana neman a ƙara masa shekara goma yana zubawa, a kuma ɗage wa'adin gyaran filin zuwa shekara biyu bayan nan. Shin doka ta yarda a riƙa ɗage wa'adi haka? Idan kuma muka yi ƙorafi, akwai mai saurarenmu? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Doka ta yarda kamfanin ya nema, ba ta ce dole a ba shi ba. Amma gara in faɗa miki tun da wuri: irin wannan buƙata an fi amincewa da ita fiye da ƙin ta. Maƙwabtan da na ga sun ci riba su ne waɗanda suka sa ƙarfinsu a kan tsawon lokacin da za a ƙara da sharuɗɗan da za a ɗaura wa kamfanin. Waɗanda suka tsaya a kan "ba mu yarda ba" kawai sukan koma gida hannu rabbana.

Ranar daina zuba shara da ranar kammala gyaran fili galibi sharuɗɗa ne da aka rataya a jikin izinin amfani da filin tun farko. Sashe na 73 na dokar tsara birane da karkara ta 1990 ya ba mai izini damar ya nemi a sauya wani sharaɗi ba tare da ya sake neman izini daga tushe ba, kuma ta wannan ƙofar yawancin kamfanoni suke bi. Mai yanke hukunci ita ce majalisar gunduma, domin harkar shara da ta ma'adinai a hannunta suke. Ƙaramar hukumar da ke kula da ginin gidaje ra'ayi kawai take bayarwa, sai a wuraren da majalisa ɗaya ce ke riƙe da duka ayyukan. Ki tabbatar inda za ki aika takardarki, don mutane da yawa kan aika ta inda ba a yanke hukunci.

Akwai abu guda a wannan sashe da ya kamata ki riƙe da kyau. Idan majalisa ta amince, sabon izini ne yake fitowa, tsohon kuma yana nan a gefe. Tunda sabo ne, majalisa na da ikon sake duba sharuɗɗan, ta ƙara waɗanda ta ga sun dace da ƙarin lokacin. Izinin da aka rubuta shekara ashirin ko talatin da suka wuce sau da yawa sakwa-sakwa yake, ba ƙayyade yawan motoci, ba maganar wanke taya, ba jadawalin rufe sassan da suka cika. Ranar da kamfani ya zo yana roƙon ƙarin lokaci, ranar ce ake iya ɗaure waɗannan duka.

Ki kuma nemi kwafin tsohon izinin, yana cikin rajistar majalisa da kowa ke iya dubawa a intanet, ki ga inda aka rubuta ranar ƙarewa. A 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a shari'ar Finney cewa ba a iya amfani da sashe na 73 a sauya bayanin aikin da aka ba wa izini, sharuɗɗa kaɗai ake taɓawa. To idan wa'adin yana cikin bayanin aikin kansa, misali an rubuta cewa izini ne na zuba shara har zuwa shekara kaza, akwai hujjar cewa wannan ƙofar ba ta buɗe musu ba, sai sun shigar da cikakkiyar buƙata. Wannan ba ya hana su samun izini daga baya, amma yana sa a buɗe maganar gaba ɗaya.

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci, wadda kuma ba ki yi ba: me ya sa ramin bai cika ba a lokacin da aka ɗibar masa? Amsar da kusan kowane kamfani zai bayar ita ce shara ta yi ƙaranci, kuma akwai gaskiya a ciki. A watan Oktoban 1996 gwamnati ta fara karɓar harajin binne shara, fam 7 a kan kowane tan na sharar da ke ruɓewa. A Afrilun 2025 wannan haraji ya kai fam 126.15. Da gangan aka yi haka don a kori shara daga rami, kuma ta koru: wata ta tafi wuraren sake sarrafawa, wata ta tafi tashoshin ƙona shara da ke samar da lantarki. Ramin da aka yi lissafin zai cika cikin shekara ashirin sai ya wayi gari da sauran baki buɗe.

Nan ne majalisa take shiga tsaka mai wuya. Ba a tsara rufe juji a kan ramin da ya cika rabi ba. Zanen gyaran fili yana nuna tudu mai gangara ta yadda ruwan sama zai zirare gefe. A kan sharar ake shimfiɗa yumɓu mai kauri ko leda ta musamman, a bi da ƙasar shuka. Idan aka tsaya da kwari a tsakiya, ruwa zai taru, ya ratsa cikin sharar, ya fito a matsayin baƙin ruwa mai guba da sai an zuƙe shi an tace. Ga kuma gas. Sharar da ke ruɓewa a ƙarƙashin ƙasa tana fitar da iskar da kusan rabinta metan ce, wadda ke fashewa idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri. A 1986, a ƙauyen Loscoe da ke gundumar Dabisha, gas daga wani juji ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya tarwatsa wani gida. Tun daga nan ba wanda yake wasa da maganar murfi da bututun zuƙar gas. Saboda haka idan kamfani ya ce wa 'yan majalisa "ku ƙi mu, ku zauna da rami", ba barazanar banza ba ce.

Sai dai wannan hujja tana da iyaka, kuma a iyakar ne za ku tsaya. Cika ramin har baki ba shi ne kaɗai hanya ba. Ana iya sake zanen a rufe a ƙasa da tsayin da aka tsara da farko, a daidaita gangarar da ƙasa da ɓaraguzan gini marasa ruɓewa, waɗanda harajinsu ƙarami ne ƙwarai, fam 4.05 a kan tan a 2025. Wannan yakan fi sauri, ba ya kuma kawo sabon wari. Kamfani ba ya son sa ne saboda kowane yanki na ramin da ba a cika da shara mai biyan kuɗi ba asara ce a wurinsa. Ku tambaya a rubuce ko an auna wannan zaɓi, in an auna me ya sa aka ajiye shi. Manufar gwamnati ta 2014 a kan tsara wuraren shara ta ce a gyara wuraren binne shara da zarar dama ta samu, kuma gyara mai inganci. Ƙarin shekara goma sai ya kare kansa a gaban wannan magana.

Sannan ku yi lissafi da kanku, ba ya buƙatar injiniya. A cikin takardun buƙatar akwai girman ramin da ya rage, akwai kuma yawan sharar da ke shiga kowace shekara. Ku raba na farko da na biyu. In lissafin ya ba da shekara biyar, don me ake neman goma? In kuma ya ba da ashirin, to goman nan somin-taɓi ce, za su dawo. Na fi jin tsoron na biyun, domin jujin da aka ƙara wa wa'adi sau ɗaya ba tare da jadawali ba yakan saba.

Game da ƙorafi, ana saurare, amma ba kowace magana ce ke da nauyi a ma'aunin majalisa ba. Wari, ƙura, ƙarar injuna, yawan manyan motoci a kan hanya, laka a kan titi, tsuntsaye da ƙudaje, yadda wurin ya ɓata kyan gari, da jinkirin samun filin da aka yi wa jama'a alkawari, duk waɗannan ana auna su. Faɗuwar darajar gidanki ba a auna ta, ko da ita ce ta fi ci miki rai, don haka kada ki ɓata tawada a kanta. Ana ba da aƙalla kwana 21 na jin ra'ayin jama'a, kwana 30 idan buƙatar tana tare da rahoton tasiri ga muhalli. Majalisa kuma tana da mako 13 ta yanke hukunci, ko 16 in akwai wannan rahoto, ko da yake a aikace ana yawan wuce haka da yardar ɓangarorin biyu. Takarda ɗaya mai ɗauke da ranaku, lokuta da hotuna, wadda ke cewa ran kaza da ƙarfe kaza wari ya hana mu buɗe taga, ta fi sa hannun mutum ɗari a ƙarƙashin jimla guda. Ki kuma roƙi ɗan majalisarku ya sa a kai maganar gaban kwamitin majalisar da ke yanke hukunci a kan irin wannan buƙata, inda galibi ake ba maƙwabta 'yan mintuna su yi magana.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne juji yana tafiya ne da takarda biyu. Izinin majalisa yana magana a kan ko filin ya dace da wannan aiki, da kuma har yaushe. Lasisin Hukumar Kula da Muhalli shi ke magana a kan irin sharar da za a karɓa, gas, baƙin ruwa da wari. Manufar gwamnati ta umurci majalisu su ɗauka cewa hukumar za ta yi aikinta yadda ya kamata, shi ya sa za ki ji jami'in majalisa yana cewa wari ba huruminsa ba ne. Maganinsa shi ne ku riƙa kai rahoton wari ga hukumar duk lokacin da ya taso, ku karɓi lambar rahoto. Tarin rahotannin nan shi ne zai nuna wa kwamiti cewa abin da aka ce a ɗauka ba haka yake a ƙasa ba.

Da ni ne a unguwarku, ga abin da zan nema idan har za a ƙara. A rage wa'adin zuwa abin da lissafi ya nuna. A raba wurin sassa-sassa, kowane sashe da ranar rufe shi, kuma kada a buɗe sabo sai an rufe na baya. A wajabta auna ramin kowace shekara a miƙa wa majalisa sakamakon, tare da sharaɗin cewa idan shara ta tsaya na tsawon wani lokaci, ko ta gaza wani adadi, dole kamfani ya kawo zanen rufewa a ƙasa-ƙasa ya aiwatar. A ƙayyade motoci da sa'o'in aiki. A kafa kwamitin tuntuɓa da maƙwabta ke ciki. Kula da ciyawa da itatuwa bayan gyara, wanda sharaɗi kan tsaya a shekara biyar, ana iya tsawaita shi ta yarjejeniya a ƙarƙashin sashe na 106 na dokar nan ta 1990.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke hana ni barci a irin waɗannan wurare. Juji yana kawo kuɗi ne muddin mota na shiga. Ranar da aka rufe ƙofa, sai kashewa, kuma doka ta ɗora wa mai wurin tanadin kuɗin kula da shi na aƙalla shekara 30 bayan rufewa. Wannan tanadi na ƙarƙashin lasisin muhalli ne, an yi shi don murfi da gas da ruwa, bai zama dole ya ɗauki nauyin hanyoyin tafiya da itatuwan da aka nuna muku a zane ba. Abin da ya faru a jujin Walleys da ke gundumar Stafodsha ya isa misali: bayan shekaru ana kukan wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, hukumar muhalli ta ba da umarnin rufe wurin a Nuwamban 2024, a farkon 2025 kamfanin ya rushe, hukumar ce ta shiga tana riƙe wurin. Majalisu ba kasafai suke neman ajiyar kuɗin jingina don gyaran fili ba, amma kamfanin da ya riga ya saɓa wa'adi sau ɗaya ya ba ku dalilin nema.

Idan wa'adin ya cika alhali ba a yanke hukunci ba, kuma aka ci gaba da zuba shara, an saɓa sharaɗi ke nan. Majalisa na iya aika takardar tilastawa, amma a mafi yawan lokuta takan jira ta ga ƙarshen buƙatar, kuma doka ta ba ta wannan zaɓi. Idan ta ƙi buƙatar, kamfani na da wata shida ya ɗaukaka ƙara zuwa hukumar sufetocin tsare-tsare. Idan ta amince, ku maƙwabta ba ku da irin wannan dama. Abin da ya rage muku shi ne Babbar Kotu, cikin mako shida, kuma kotu ba ta duba ko hukuncin ya yi daɗi, sai ko an bi doka wajen yanke shi. Hanya ce mai tsada, sai da lauya. Don haka kwanakin nan da aka rubuta a takardar da ke liƙe a ƙofar wurin su ne damarku mafi araha. Ki je ki duba ranar da aka sa a jikinta yau, ki fara da neman tsohon izinin.