Ƙungiyarmu za ta haɗa kuɗi a sa sola, in zuba jarina?

Wani ɗan kasuwa ya turo tambaya, ya ce su masu shaguna ne a layi ɗaya, man janareta ya ishe su, sai ga wata ƙungiya mai tallata wutar sola ta ce za ta biya rabin kuɗin kaya in suka haɗa ragowar, su sha wuta kuma su sayar wa maƙwabta. Yana so ya ji ko harkar akwai riba.

Toh ɗan'uwa, akwai riba, kuma ni dai ina goyon bayan irin wannan haɗin kai sosai, amma kafin ka ciro ko sisi ka tambayi shugabanninku abu ɗaya: ranar da batir ya mutu wa zai sayi sabo? In aka fara kallon juna, ka riƙe kuɗinka tukuna.

Dalili kuwa, faifan sola ba shi ne matsala ba yanzu. Farashinsa ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma mai kyau kamfani kan ba shi garanti na shekara 25, ƙarfinsa ma a hankali yake raguwa, wajen rabin kashi ɗaya cikin 100 a shekara. Batir ne mai cin kuɗi. Batirin ruwa irin na da in ana zuƙe shi kullum shekara 2 zuwa 4 ya gama aiki, kuma ba a so a sha fiye da rabin cajinsa, kaga kenan in shagunanku na jan wat 1,000 na tsawon awa 5 da dare to ba batirin da ke ɗaukar daidai wannan za ku saya ba, ninki biyu kuke buƙata. Na litiyam ya fi tsada a farko amma yana jure caji sau dubbai kuma ana iya shan kashi 80 nasa ko fiye, in da hali shi zan ce ku ɗauka. Inbata, wato na'urar da ke juya wutar faifai da batir ta zama irin wadda kayan shago ke sha, ita ma ba za ta kai faifan daɗewa ba.

Shi ya sa nake takaicin ƙungiyoyin da ke cewa ai wutar rana kyauta ce, kowa ya sha. Tun watan farko ku sa mita a kowane shago, a biya kafin a sha, har shugaba da ma'aji, sannan a ware wani kaso na duk abin da ya shigo a asusu daban wanda ba a taɓawa sai don canjin batir da gyara, da sa hannun mutum biyu ko uku. Wannan rabin da aka ba ku tallafi ma ku lissafa shi kamar ku kuka biya, don in kayan sun tsufa mai tallafi ba lallai ya dawo ba. Ribar gaskiya ita ce abin da ya rage bayan an cire wannan.

Sai batun lokacin amfani, nan kuɗin yake. Duk aikin da za a yi shi da rana tsaka, cajin waya, ɗinki, injin niƙa, jan ruwa, sanyaya firiza, wuta ce daga faifai kai tsaye ba ta gajiyar da batir. Ku rage wa mai sha da rana farashi. Kuma ku sa mai haɗa muku ya auna kayan kowa da idonsa, domin firiza lokacin da injinta zai tashi takan ja ninki uku ko fiye na abin da take ja tana aiki, in guda huɗu suka tashi tare sai ka ji inbata ta yi ƙara ta ɗauke. A samu yaro amintacce a biya shi ya riƙa goge faifan, ƙura kawai ko inuwar kwanon maƙwabci a gefe ɗaya ta isa ta rage wutar duk faifan da aka jona a jeri ɗaya.

Ba ku kuka fara ba. A Denmark injinan iska masu samar da wuta guda 20 na Middelgrunden da ke bakin tekun Kwapanhagan rabinsu na ƙungiyar talakawan gari ne da suka sayi hannun jari. A Bangladesh kuma an sa sola a gidaje sama da miliyan 4 tsakanin 2003 da 2018 ta hanyar biya kaɗan kaɗan, amma da wutar gwamnati ta isa ƙauyuka mutane da yawa sun daina biya. Don haka ku ma ku tambayi kanku, in wutar gwamnati ta gyaru gobe, masu sayen taku za su tsaya?

Ku yi rajistar ƙungiyar, ku binciki abin da dokar ƙasarku ta ce kan sayar wa wani wuta, ku rubuta yadda mai son fita zai karɓi kasonsa. Kai kuma kada ka taɓa kuɗin sarin kaya, ka sa abin da kake kashewa a mai na 'yan watanni, in lissafin wata shida na farko ya fito fili sai ka ƙara.