Tambaya da Amsa: Daga ina furta zunubi ga Fada (firist na Katolika) ya samo asali?

Tambaya, daga wata mai karatu a Kafanchan: Fada, barka da aiki. Maƙwabciyata ta ce babu inda Littafi Mai Tsarki ya ce a je wurin Fada a faɗi zunubi, wai Allah kaɗai ke gafartawa. Me zan ce mata?

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara da yarda da ita a kan cewa Allah kaɗai ke gafarta zunubi, domin Ikilisiyar Katolika ma haka take koyarwa. Abin dubawa shi ne ko Yesu ya naɗa wakilan da za su isar da gafarar. Ku buɗe Yohanna 20:21-23 tare. Da yammacin ranar da ya tashi daga matattu, ya hura wa almajiransa numfashi, ya ba su Ruhu Mai Tsarki, ya ce wanda suka gafarta wa an gafarta masa, wanda suka riƙe wa zunubinsa an riƙe. Iko biyu ke nan, yafewa da riƙewa, kuma alƙali ba ya yanke hukunci bai saurari ƙara ba. Daga nan wajibcin faɗar zunubin da baki ya fito.

Matiyu 16:19 da 18:18 sun kawo ikon ɗaurewa da kwancewa. Yakubu 5:14-16 ya ce a kira dattawan ikilisiya ga marar lafiya, sannan ya umarci a furta zunubai ga juna. Bulus kuwa, a 2 Korintiyawa 5:18-20, ya kira aikin manzanni hidimar sulhu. Yawancin 'yan Furotesta na fassara ayar Yohanna da wa'azin bishara, don haka ki yi maganar cikin natsuwa. Kada kuma ki ce Sabon Alkawari ya zayyana ɗakin furci da labulensa. Ikon ne ke cikin nassi, tsarin daga baya ya ginu.

Tambaya, daga wani malamin makaranta a Jos: Gaskiya ne a shekarar 1215 aka ƙirƙiro wannan al'ada?

Amsa: A'a, Malam. Littafin nan na Kiristocin farko mai suna Didake ya riga ya ce a furta laifuffuka kafin a kakkarya gurasa ranar Ubangiji. Sai dai tuban wancan zamani mai tsanani ne ƙwarai. Wanda ya yi kisan kai, ko zina, ko ya musanci bangaskiya, yakan shiga sahun masu tuba a idon jama'a, da tsummoki da toka da azumi, a hana shi Jibin Ubangiji, wani lokaci shekaru, kafin bishop ya ɗora masa hannu ya mayar da shi. Kuma sau ɗaya tak ake ba mutum wannan dama bayan baftisma. Marubucin Kirista Tertuliyan na Kartaj ya bayyana tsarin a farkon ƙarni na 3.

A shekarar 250 Sarki Desiyus na Roma ya tilasta wa kowa yin hadaya ga gumaka, Kiristoci da yawa suka musanci bangaskiya. Da guguwar ta lafa, wani firist na Roma mai suna Nobashiyan ya ce ba za a karɓe su ba, amma Fafaroma Korneliyus da Bishop Sifiriyan na Kartaj suka tsaya a kan a karɓe su bayan tuba, ra'ayinsu ne kuma ya yi rinjaye. A 459 Fafaroma Liyo na Ɗaya ya hana karanta zunuban mutum a bainar jama'a, ya ce faɗa wa firist a asirce ya wadatar.

Illar tsohon tsarin ita ce mutane sun riƙa jinkirta tuba har gadon mutuwa, don tsoron kada su ƙona damarsu guda. Sufayen ƙasar Ailan ne suka kawo sauƙi a ƙarni na 6 da na 7: furci a asirce, a maimaita duk lokacin da aka buƙata, da littattafan da ke ƙayyade aikin tuban kowane laifi. Ɗaya daga cikin sufayen, Kolumbanus, da almajiransa suka yaɗa shi a Turai. Ba kowa ya yi maraba ba, don taron bishop-bishop na Toledo a 589 ya yi tir da maimaita tuba. Abin da babban taron Ikilisiya na Lateran na Huɗu ya yi a 1215 shi ne wajabta furci aƙalla sau ɗaya a shekara da tsananta kiyaye sirri. Babban taron Ikilisiya na Tarent ya tabbatar da koyarwar a 1551, ɗakin furci mai shinge kuma ya bazu daga Milan a zamanin Bishop Karlo Boromiyo.

Tambaya, daga wani matashi a Zariya: Fada, na shekara biyar ban je ba. Yaya zan yi, kuma asirina ba zai tonu ba?

Amsa: Ɗana, ka zauna tukuna ka auna rayuwarka da Dokoki Goma. In ka shiga, ka yi alamar gicciye, ka faɗi tsawon lokacin da ka ɗauka, sannan ka faɗi kowane babban zunubi da irinsa da adadinsa gwargwadon tunawarka. Zunubi na zama babba ne in abu uku sun haɗu: laifin mai nauyi ne, ka san haka, ka kuma aikata da ganganci. Fada zai ba ka shawara da aikin tuba, ka yi addu'ar nadama, ya furta gafara da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Abu biyu ke ɓata furci: ɓoye babban zunubi da gangan, da rashin niyyar dainawa. Wanda ka manta da gaske an yafe shi, sai ka ambace shi a zuwa na gaba. In akwai haƙƙin wani a hannunka, kuɗi ko suna da ka ɓata, dole ka mayar. Littafin Ƙidaya 5:6-7 ma ya haɗa furci da biyan diyya.

Sirri kuwa, doka ta 983 a kundin dokokin Ikilisiya na 1983 ta haramta wa Fada bayyana abin da ya ji bisa kowane dalili, ko da kotu ce ta nema. Wanda ya tona kai tsaye ya fita daga tarayyar Ikilisiya nan take, kuma fadar Fafaroma kaɗai ke iya ɗage masa hukuncin. In kana jin nauyin Fadan cocinku, ka je wurin wani, ka kuma nemi yin furcin ta bayan shinge.